Tsatson M: daga ina iyaye mata na mutanen Indiya suka fito?

Idan aka tara mutum goma daga sassan Indiya daban-daban, aka bi salsalar kowannensu ta wajen uwa kaɗai, wato uwa, da kaka, da uwar kaka, har iya inda za a kai, kusan shida daga cikinsu za su tarar 'yan ɗaki ɗaya ne. Masana ilimin gado suna kiran zuriyar wannan mace da harafin M. A cikin ƙabilun da ke zaune a dazuzzuka da tsaunukan ƙasar adadin yakan haura kashi 70 cikin ɗari. Amma da zarar an yi yamma zuwa Iran sai ya faɗi zuwa wajen kashi 5, a Turai kuwa yau da ƙyar ake ganinsa in ba a cikin al'ummar Roma ba, waɗanda su ma daga Indiya kakanninsu suka taso. Wannan faɗuwa ta farat ɗaya ce ta sa aka shafe kusan shekara talatin ana muhawara kan inda aka haifi M, da lokacin, da hanyar da masu ɗauke da shi suka bi.

A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu ƙananan sassa, mitokondiriya, masu mayar da abinci ƙarfi. Suna da nasu DNA daban da wanda ke cibiyar ƙwaya, wani ɗan zobe mai haruffa 16,569. Ƙwan mace yana ɗauke da kwafinsa sama da dubu ɗari, 'yan kaɗan ɗin da ke zuwa daga namiji kuma ana rushe su bayan shigar ciki. Saboda haka ɗa namiji yana karɓa daga uwarsa amma ba ya miƙa wa 'ya'yansa, 'ya mace ce kaɗai ke miƙawa. Kuma wannan zobe ba ya gauraya da na uba kamar yadda sauran DNA ke yi. Abu ɗaya ne ke sauya shi: kuskuren kwafi. Lamarin ya yi kama da littafin da almajirai suka riƙa kwafa da hannu, in wani ya zame a harafi guda, duk wanda ya kwafa daga nasa zai gaji zamewar, ya ƙara da tasa. Mai nazari yana iya jera kwafe-kwafen bisa kurakuran da suka yi tarayya a kai, ya gane wanne ya fito daga wanne.

Sauyi huɗu ne suka bambanta M da uwarsa, a matsayi na 489, 10400, 14783 da 15043. A 10400, alal misali, harafin C ne ya koma T. Lambobin suna bin jerin farko da aka karanta a Kambirij a 1981, aka gyara a 1999. Akwai tarko a nan da sabon shiga kan faɗa: wancan jeri na Bature ne, daga wani ƙaramin reshe mai suna H2a2a1, don haka jerin bambance-bambancen da na'ura ke fitarwa yana auna nisan mutum ne daga ƙarshen wani reshe can gefe, sai an juya lissafin kafin a ga nisansa daga tushe. A shekarun 1990, kafin karanta zoben gaba ɗaya ya yi araha, ana gane M ne da sinadarai biyu masu yanka DNA, DdeI da AluI. In duka biyun sun yanka a kusa da 10394 da 10397, an samu M.

Uwar M ita ce L3, wadda ta bayyana a gabashin Afirka kimanin shekara 70,000 da suka wuce. L3 ta haifi rassa da dama. Biyu daga ciki, M da N, su ne suka cika duniya a wajen Afirka, sauran irin su L3b, L3d, L3e da L3f suka yaɗu a cikin nahiyar, har yammacinta. Viktor Černý da abokan aikinsa sun nuna a 2009 cewa reshen L3f3, mai kimanin shekara 8,000, ya taru ne a yankin Tafkin Chadi a cikin masu harsunan dangin Chadi, dangin da Hausa take ciki. Ke nan ta wajen uwa, M na Indiya da waɗannan rassa ya da ƙanwa ne. Amfanin wannan ga tambayarmu shi ne iyaka: 'ya ba ta girmi uwarta, don haka M ba zai wuce shekarun L3 ba.

Abin da ya fi jan hankali a Indiya shi ne siffar bishiyar. Da mutane sun yaɗu a hankali, ƙauye bayan ƙauye cikin dubban shekaru masu yawa, da an ga gangar jiki ta rabu biyu, kowane ɓangare ya sake rabuwa, kamar bishiyar kuka. Abin da aka gani ya fi kama da gindin gamba: rassa birjik suna tsirowa daga wuri guda. M2, M3, M5, M6, M33, M35, M36, M40 da wasu da yawa, akasarinsu kai tsaye daga tushen M, kuma kusan ba a samun su a wajen Kudancin Asiya. Hukumar binciken al'ummu ta Indiya ta karanta cikakkun jeri 641 daga ƙabilu 26 ta wallafa a 2009, sababbin rassa kuma suka ƙara fitowa. Gabashin Asiya na da nata daban: M7, M8, M9, D da G. Yankin Niu Gini na da Q. Mutanen asali na dazuzzukan Malesiya, Orang Asli, na da M21 da M22. Rassan gabas ba su fito daga cikin na Indiya ba, na Indiya ma ba su fito daga cikin na gabas ba, duka a gindi suke haɗuwa. Ma'anar wannan ita ce masu ɗauke da M sun watsu daga Indiya har bakin Ostareliya cikin ɗan lokacin da bai isa sabon sauyi ya kafu ya raba su ba, wato 'yan dubban shekaru kacal.

M2 yana cikin tsofaffin rassan, kimanin shekara 50,000 bisa ƙiyasin da aka yi masa a 2008, kuma ya fi yawa a ƙabilun kudu da tsakiya, masu harsunan Dirabidiya da na Munda. M42 kuwa ya rabu gida biyu, ɗaya a wasu ƙabilun Indiya, ɗaya a mutanen asali na Ostareliya, alamar cewa tafiyar ɗaya ce. Bai kamata a manta da cewa M ba shi kaɗai ya iso ba. N ya haifi R, kuma Indiya na da nata rassan R na gida, R5, R6, R7, R8, R30 da R31, da U2a, U2b da U2c (rassan U, wanda shi ma daga R ya fito) waɗanda Toomas Kivisild ya nuna tun 1999 cewa sun rabu da 'yan uwansu na Turai kusan shekara 50,000. Wannan bincike ne ya rushe tunanin da ake yi a da cewa duk wani U da aka gani a Indiya baƙo ne na jiya-jiya.

Yanzu ga inda aka fi samun tangarɗa, wato lissafin shekaru. Hanyar da aka saba ita ce a tara jeri daga mutanen reshe guda, a ƙirga sauyin da ke tsakanin kowannensu da tushen reshen, a fitar da matsakaici, a ninka da shekarun da sauyi ɗaya ke ɗauka. Sai dai wannan adadi na ƙarshe ya sha sauyawa. A 1996 Peter Forster ya ba da sauyi ɗaya cikin shekara 20,180 ga wani ɗan guntu mai haruffa ƙasa da 300, daga 16090 zuwa 16365. A 2003 aka ba da ɗaya cikin 5,140 ga babban ɓangaren zoben. A 2009 Pedro Soares ya ba da ɗaya cikin 3,624 ga zoben gaba ɗaya, tare da gyara mai muhimmanci. In matsakaicin sauyi 14 ne, ninkawa kai tsaye zai ba da wajen shekara 50,700, amma hakan ya yi yawa. Dalili kuwa, sauyi masu ɗan lahani ga jiki sukan daɗe a cikin al'umma na wasu dubban shekaru kafin su ɓace, don haka ƙarshen rassa yana cike da sauyin da ba zai ɗore ba, agogon yana gudu a kusa, yana tafiya a hankali a nesa. Wanda bai yi wannan gyara ba zai tsufar da reshensa.

Ɗan guntun nan na 1996 shi ma ya jawo ɓarna ba kaɗan ba. Yana da araha, shi ya sa dubban samfuran Indiya na farko shi kaɗai aka karanta musu. Amma wasu matsayai a cikinsa da kewayensa, irin su 16189, 16519, 152 da 146, suna sauyawa su koma su sake sauyawa a rassa da ba su da alaƙa, har mutum biyu da suka rabu tun shekara dubu hamsin su zama kamar 'yan uwa na kusa. An raɗa wa wasu rassa suna bisa irin wannan kama, daga baya da aka karanta cikakken zobe sunan ya rushe. Ga kuma sauyin bogi da na'urar karatu ke ƙirƙira, musamman bayan dogon jerin harafin C a kusa da 309 da 16189, abin da Hans-Jürgen Bandelt ya daɗe yana bankaɗowa a ayyukan da aka riga aka wallafa. Ga tsofaffin kwafin DNA na mitokondiriya da suka maƙale a cibiyar ƙwaya tun tale-tale, waɗanda in an yi sakaci za a karanta su a ɗauka wani tsohon reshe aka gano. A Indiya akwai ƙarin matsala ta auren cikin gida. Al'ummar da ta shafe ɗaruruwan shekaru ba ta aure a waje, in ta taɓa raguwa sosai, reshe ɗaya yana iya mamaye rabinta da sa'a kawai. Ɗaukar mutum hamsin daga irin wannan ƙauye tamkar ɗaukar mace guda ne sau hamsin, kuma matsakaicin da za a fitar ba zai wakilci komai ba.

Shi ya sa ƙiyasin shekarun M ya taso daga sama da 60,000 a ayyukan farko ya sauko zuwa wajen 50,000. Saukowar ta shafi wata muhawara ta masu haƙar kayan tarihi. Dutsen Toba mai aman wuta a tsibirin Sumatara ya fashe kimanin shekara 74,000 da suka wuce, tokarsa ta lulluɓe Indiya. A Jwalapuram, jihar Andhra Pradesh, Michael Petraglia ya samu kayan aikin dutse a ƙasa da tokar da samanta, ya ce mutane irinmu ne suka ƙera su tun kafin fashewar. Ba a samu ƙashi tare da kayan ba. Paul Mellars da Martin Richards suka amsa a 2013 cewa ko su waye maƙeran, ba su ne iyayen M ba, domin a lokacin L3 kanta ko ba ta bayyana ba ko tana jaririya a Afirka, suka ajiye isowar a tsakanin shekara 55,000 da 50,000. Wannan hujja tana da ƙarfi. Kogon Fa Hien a Siri Lanka, inda alamun zaman mutane irinmu suka kai wajen shekara 48,000, ya dace da ita.

To a ina aka haifi M? Amsa ta farko ita ce Afirka. A 1999 Lluís Quintana-Murci ya nuna akwai wani reshe, M1, da yawa a Habasha, ya ce M ya taso daga gabashin Afirka ya ƙetare. Matsalar ita ce Afirka reshe ɗaya tak gare ta, Asiya kuma gommai, kuma M1 ya fi su ƙuruciya. A 2006 Anna Olivieri da Antonio Torroni suka kawo bayanin da yawancin masana suka karɓa: M1 dawowa ya yi daga yammacin Asiya zuwa arewacin Afirka tare da wani reshe mai suna U6, kimanin shekara 40,000 zuwa 45,000. An samu duka biyun a ƙasusuwan kogon Taforalt na Maroko masu shekara 15,000.

Amsa ta biyu, wadda ta yi tashe daga 2005, ita ce hanyar gaɓar teku ta kudu: wata ƙaramar ƙungiya ta ƙetare mashigar Babul Mandab, ta bi gaɓar Larabawa da Makran a kudancin Iran da Pakistan, M ya bayyana a hanya ko a Indiya kanta. Ayyuka biyu suka fito a shekarar, na Vincent Macaulay kan Orang Asli da na Kumarasamy Thangaraj kan mutanen tsibiran Andaman, waɗanda aka samu suna da rassa nasu su kaɗai, M31 da M32. An ɗauke su a matsayin ragowar matafiyan farko da suka tsaya a tsibiri tun shekara 60,000. Ba a daɗe ba aka samu dangin M31 a gabashi da arewa maso gabashin Indiya, lissafin zaman tsibiran ya dawo wajen shekara 25,000. Yankin Larabawa ma bai taimaka ba, domin M ɗin da ake samu a can ko M1 ne ko rassan Indiya da suka zo ta fatauci daga baya. Masu wannan ra'ayi suna da uzuri na gaskiya, tekun wancan zamani ya fi na yau ƙasa da mita gommai, gaɓar da ake cewa an bi tana ƙarƙashin ruwa. Amma uzurin rashin shaida ba ya zama shaida.

Amsa ta uku ta fito daga masu bincike na jami'ar La Laguna a tsibiran Kanari, Vicente Cabrera da abokansa, a 2016: sun ce rassan M na kudu maso gabashin Asiya sun girmi na Indiya, don haka daga gabas M ya shigo. Raunin wannan shi ne tazarar da ke tsakanin shekarun ba ta fi kuskuren awon ba. In ƙiyasi yana iya kaucewa da shekara dubu da yawa ta kowane gefe, ba a kafa alƙibla a kan bambancin da bai wuce haka ba.

A shekarar 2016 ɗin ce kuma ƙashi ya yi magana. Cosimo Posth da Johannes Krause sun karanta DNA na mitokondiriya daga tsofaffin mafarautan Turai, suka samu M a kogon Goyet na Beljiyam, mai kimanin shekara 35,000, da La Rochette a Faransa, mai kimanin 28,000. Reshen da aka ce bai taɓa shiga Turai ba, ashe yana can, tsananin sanyin zamanin ƙanƙara ne ya rage jama'ar har ya ɓace. Da suka daidaita agogon da shekarun ƙasusuwan da aka auna da kabon, M ya tsaya a wajen shekara 49,000, N a 51,000. Wannan ya rushe babban ginshiƙin dukan muhawarar, wato zaton cewa taswirar yau tana nuna taswirar farko. Yawan rassa a wuri yana nuna inda zuriya ta yi yawa kuma ba ta katse ba. Indiya ƙasa ce mai faɗi da albarka, ƙanƙara ba ta rufe ta ba, jama'arta ta daɗe da yawa, don haka ta riƙe rassan da wasu wurare suka zubar. A ganinmu abin da shaidar take ɗauka shi ne wannan: M da N suna tare a cikin ƙungiyar da ta watsu a wajen Afirka, mai yiwuwa daga wani wuri a yammacin Asiya, kimanin shekara 50,000 zuwa 55,000, rassan Indiya kuma a Indiya suka tsiro suka girma tun daga zangon farko. Na biyun tabbatacce ne fiye da na farkon.

Wannan tsufa na tsatson uwa yana da tasiri ga yadda ake karanta tarihin baya-bayan nan, kuma a nan ne siyasa ke yawan shigowa. M yana cikin Barahmanawa, wato babban ajin mabiya Hindu, da ƙananan aji, cikin masu Hindi da masu Tamil, cikin Musulmi da Hindu. Rassan yammacin Asiya irin su H, J, T, W da U7 sun fi yawa a Pakistan, Punjab da Gujarat, suna raguwa in an yi kudu da gabas. Wasu sun kafa hujja da wannan suka ce babu wata babbar shigowa daga arewa a zamanin tagulla. Hujjar ba ta tsaya ba, domin tsatson uba ya ba da labari daban. Marina Silva da abokan aikinta sun nuna a 2017 cewa shigowar makiyayan tsakiyar Asiya galibi ta maza ce, ta bar babbar alama a tsatson uba R1a, ta bar kaɗan a na uwa. Haka masu harsunan Munda: tsatson ubanninsu daga kudu maso gabashin Asiya, na iyayensu mata na gida. Farisawan Indiya mabiya Zaradusht, waɗanda suka yi ƙaura daga Iran zuwa Gujarat sama da shekara dubu da suka wuce, sun fi kowa nuna abin a fili: ta wajen uba 'yan Iran ne, amma wani bincike na 2004 ya samu kusan kashi 55 cikin ɗari nasu suna ɗauke da M, reshen da a Iran bai wuce kashi 5 ba. Maza suka zo, suka auri matan gari, sannan aka rufe ƙofa. Ga wanda ya yi gwajin asali aka ce masa shi M5 ne ko M30, ya tuna cewa in ya koma baya zuriya goma yana da gurbin kakanni 1,024, sakamakon kuma na mace ɗaya ce daga cikinsu.

Abin da zai raba gardamar asalin M shi ne tsohon ƙashi daga Kudancin Asiya ko yankin Tekun Fasha, zafi da damshi kuma suna cinye DNA da sauri. A Rakhigarhi, tsohon birnin wayewar kwarin Indus a jihar Haryana, Vasant Shinde da David Reich sun gwada samfura 61, ɗaya kacal ya ba da abin da za a iya karantawa, shi ma sai da aka maimaita aikin sau da yawa ana tattara gutsattsari. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna tsatson uwar mai wannan ƙashi U2b2 ne, ɗaya daga rassan gida na Kudancin Asiya. Shekarun wannan ƙashi ba su kai 5,000 ba, wato kashi ɗaya cikin goma na shekarun M.